Yadda na jawo intanet na faiba zuwa ɗakin karatuna a Kano

Ina koyar da yara karatun Alƙur'ani da Hausa ta Zoom, daga ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar gidanmu a Tarauni. Ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne mazauna Ingila, wasu a Landan, wasu a Manchester da Birmingham. Sai sun taso daga makarantar boko suke zama da ni, wato daga ƙarfe 5 zuwa 8 na yammacinsu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, amma lokacin sanyinsu muna gaba da awa ɗaya, sai karatun ya kai ni har 9 na dare. Wannan kuwa shi ne lokacin da kowa a unguwa ya dawo gida ya ɗauki waya, sabis ya yi nauyi. Shekara biyu na yi ina aiki da ƙaramar maifai, 'yar na'urar intanet mai aiki da layin waya, wadda nake ɗorawa a kan taga, in ta ƙi in mayar da ita saman durowa. Wanda ke kallon bidiyo, in abu ya tsaya zai jira ya ci gaba. Mai sauraren karatun yaro ba shi da wannan damar. Idan murya ta yanke a tsakiyar madda, ban san ko yaron ne ya gajarta ba ko kuwa sabis ne ya haɗiye sauran, kuma ba zan yarda in gyara wa yaro kuskuren da bai yi ba, ko in bar shi ya wuce da wanda ya yi.

Abin da ya kai ni bango ya faru ne ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, kwana huɗu da kama azumi. Manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a wajen gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya rikice a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, har manhajojin wasu bankuna suka daina aiki. Darasi uku na rasa a wannan makon. Mahaifiyar wani ɗalibina ta kira ni, cikin ladabi ta ce, "Malama, mun san ba laifinki ba ne, amma yaran nan in suka saba da hutu da wuya su dawo." Daren nan ban yi barcin kirki ba. Daga baya na fahimci cewa ko da faiba gare ni a ranar, wato intanet da ake jawowa har gida ta waya mai zaren gilashi, ba lallai ta tsirar da ni ba, domin ita ma daga waɗancan wayoyin na teku take sha. Amma dai ranar ce na ƙudurta cewa sana'ar da nake ci da ita ba za ta ci gaba da rataya a jikin taga ba.

Sauran azumin na yi shi ina tambaya. Wani abokin maigidana ya ara mana rautar 5G, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta kwana uku. A tsakar gida tana gudu sosai, amma ɗakina yana bayan dogon ginin maƙwabta, da an shigar da ita sai ta koma 4G, da daddare kuma ta yi nauyi kamar tsohuwar maifai ɗina. Na duba Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Waɗanda na sani masu amfani da ita sun yaba, sai dai kuɗin kayan kaɗai a lokacin ya haura naira dubu 400, ga shi tana jan wuta fiye da ƙaramar rauta, ni kuwa ba ni da inbata. Ƙanena da ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre shi ya ce min, "Yaya, ke fa ba gudun sauke abu kike nema ba. Muryarki da hotonki ne za su riƙa fita, kuma kada su yanke. Ki nemi faiba in ta zo unguwarku." Ya nuna min wata baƙar waya siririya da ke bin falwayoyin babban titinmu, da wani ɗan akwati a maƙale a jikin ɗaya daga cikinsu. Kullum ina wucewa ta wurin ban taɓa lura ba.

Mako guda bayan ƙaramar Sallah muka je ofishin kamfanin, ni da ƙanen nawa. Wuri ne mai sanyi da tsafta, ba layi, wani matashi mai fara'a ya tarbe mu. Na faɗa masa sunan layinmu, nan take ya ce, "Hajiya, ai muna da mutane a wajen, ba matsala." Ya ba ni fom mai shafi huɗu. Abin da suka nema shi ne lambar NIN, hoton fasfo guda ɗaya, takardar kuɗin wuta ta kwanan nan don tabbatar da adireshi, lambar waya, da imel. Takardar wutar da sunan mai gidan da muke haya take, suka ce ba komai in dai adireshin ya yi daidai. Ya kuma sa na tura masa alamar gidanmu ta Google Maps a WhatsApp. Na zaɓi tsarin 20 Mbps, wato gudun megabit 20 a daƙiƙa, wanda aka rubuta cewa ba shi da iyaka. Kuɗin jawo waya da kayan aiki naira 65,000, kuɗin watan farko 22,000, sai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ba a rubuta a takardar tallar ba, jimilla 93,525. Na yi tiransifa a nan inda nake zaune, aka buga min rasit. Ya ce cikin kwana uku na aiki masu awo za su zo. Na sa hannu a shafin ƙarshe ban karanta na uku ba, domin rubutun ƙanana ne kuma raina ya riga ya kwanta da maganar yaron. Kuskurena na farko ke nan, na biyu kuma shi ne biyan kuɗi kafin a zo a auna.

Kwana uku suka zama goma sha ɗaya. Kullum in na kira, amsar ɗaya ce: "Suna wajen wani aiki, gobe in sha Allah." Sau biyu maigidana yana fasa fita kasuwa da safe don ya tsaya musu, tunda ba zai yiwu maza su shigo gida ba ya nan. Ranar da suka zo ba su ma kira ba, sai yaro ya shigo ya ce ana sallama. Mutum biyu ne a kan babur. Suka bi layin da ƙafa daga akwatin nan na babban titi har ƙofarmu, suna ƙirga falwayoyi. Da suka gama, babbansu ya ce nisan ya kai mita 340, kuma kuɗin da na biya na mita 200 ne kacal. Kowace mita da ta ƙaru naira 250, wato sai na ƙara 35,000. Na ce ba wanda ya faɗa min haka a ofis. Ya buɗe wayarsa ya nuna min hoton shafi na uku na fom ɗin da na sa wa hannu, ga shi nan a rubuce. Na tambaya ko in na fasa za a mayar min da kuɗina, ya ce wannan sai ofis, amma a saninsa ana cire wani abu kuma yana ɗaukar makonni. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin ɗinkin Sallar da na haƙura da shi ne na tara. Da a ce kafin in biya aka auna, da na san gaba ɗayan abin da ke gabana na yanke shawara da idona a buɗe. Bayan kwana biyu na biya, na kuma dage sai da aka ba ni rasit na biyu daga ofis, ban miƙa wa kowa kuɗi a hannu ba.

Sai maganar mutane, wadda babu ita a cikin kowane fom. Wayar za ta ratsa ta saman katangar maƙwabcinmu kafin ta iso mu, sannan za a huda bangon ɗakina. Maigidana ya sami maƙwabcin bayan sallar La'asar ya yi masa bayani. Dattijon ya tambaya ko wayar tana ɗauke da wuta, saboda jikokinsa suna hawa katangar. Aka ce masa zaren gilashi ne, haske ke bi ta ciki, ba ta jan mutum. Ya ce, "To Alhaji, Allah ya sa alheri, a dai ɗaga ta sama." Mai gidan hayarmu kuwa ya yarda a waya, amma ƙanena ya ba da shawara a sa shi ya rubuto ko da saƙon WhatsApp ne, saboda ranar tashi kada a ce mun ɓata bango. Ya rubuto, na adana.

Ranar Asabar ta biyu a watan Mayu suka zo jawo wayar, su uku, da doguwar tsani da ƙaton nadin waya. Daga ƙarfe 10 na safe har bayan La'asar suna aiki a cikin zafin nan na bazara, na aika musu da ruwan sanyi da abinci. Inda wayar za ta tsallaka layi na roƙi maigidana ya tsaya a kansu su ɗaga ta sosai, domin motocin yashi da na itace suna bi ta nan. Da suka iso cikin gida suka so su kafa rautar a falo, wai nan ne ya fi kusa kuma waifai zai kai ko'ina. Na ce a'a, a ɗakin karatu nake so, kusa da teburina. Babbansu ya ce, "Hajiya, zai ƙara mana aiki fa." Na ce, "Injiniya, don wannan ɗakin na biya kuɗin nan." Ya yi shiru, ya sa aka zagayo da wayar ta bayan gida. Har yau ina gode wa Allah da ban ji kunya na bari ba, saboda tsakanin falo da ɗakin akwai bangon bulo biyu. Na tsaya daga bakin ƙofa ina kallo lokacin da ya feƙe wayar ya fito da zaren da ke ciki, siriri kamar gashin kai, ya sa a wata ƙaramar na'ura ta haɗe shi da wani. Ya gargaɗe ni da abu biyu: kada a lanƙwasa wayar ko a danne ta da kujera domin gilashin zai karye, kuma kada yara su cire ta su leƙa bakinta, hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana cutar da ido. Ya nuna min fitilun gaban rautar. Wadda aka rubuta PON in ta tsaya kore, lafiya. Wadda aka rubuta LOS in ta kama ja, haske ba ya isowa, wato waya ta tsinke a wani wuri. Suka tafi suka ce ofis za su kunna layin a daren. Ofis ba sa aiki Lahadi, sai Litinin da azahar intanet ya shigo.

Abin da na fara yi shi ne canza kalmar sirrin da suka bari, wadda lambobi ne daga ɗaya zuwa takwas. Daga nan na shiga ruɗanin da nake ganin mutane da yawa suna shiga. Na sa wani fayil ya sauka a kwamfuta, sai na ga yana tafiya 2.4 a daƙiƙa, alhali 20 na saya. Har na ɗauki waya zan kira su da faɗa, sai ƙanena ya tsayar da ni. Ashe kamfanoni da megabit suke talla, kwamfuta kuma da megabait take nuna saukar fayil, kuma megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya. In ka raba 20 gida takwas, 2.5 za ka samu. Ba su cuce ni ba a nan. Ya buɗe min shafin Speedtest ya nuna min lambobi uku: gudun saukewa, gudun ɗorawa, da jinkirin da saƙo ke yi kafin ya je ya dawo. Ya ce na biyu da na uku su ne nawa. Zoom ba ya buƙatar ko 4 Mbps don hoto mai kyau, abin da yake so shi ne hanya ta zauna daram. Wani ruɗanin kuma, rautar tana fitar da sunan waifai biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Na ɗauka irin 5G ɗin kamfanonin waya ne. Ba shi ba ne, zango ne na 5 GHz, wanda ya fi gudu amma bango yana kashe shi, shi kuwa na 2.4 GHz ya fi nisa amma ya fi cunkoso. A ƙarshe ma ya kawo min wayar LAN mai mita biyu daga shagonsa, ya haɗa kwamfutata kai tsaye da rautar, aka bar wa mutanen gida waifai.

Darasin farko da na yi a kan sabon layin ba zan manta da shi ba. Wani yaro ɗan shekara tara yana karanta min, sai na ji har numfashin da yake ja kafin ya fara aya. Na gane a ranar cewa yana haɗa harafin ƙaf da kaf, kuskuren da ya yi wata da watanni yana yi ban ji ba. Na yi murna, na kuma ji nauyi a zuciyata.

Murnar ba ta yi mako ba wutar lantarki ta tuna min da kanta. Maifai tana da batir a cikinta, rautar faiba ba ta da shi. Da an ɗauke wuta take mutuwa, in an tayar da janareta kuma sai ta yi minti biyu zuwa uku kafin ta dawo, lokacin yara sun watse. Ga fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba abin ƙonawa ba ne kowane dare saboda na'urar da ba ta fi ƙwan fitila ɗaya ko biyu jan wuta ba. Maganin ƙaramin abu ne, ɗan akwatin batir mai ba da wuta 12V wanda ake sawa tsakanin soket da rauta. Na saya a Farm Centre, yana riƙe min ita awa huɗu zuwa biyar, ko ƙyaftawa ba ta yi in an ɗauke wuta. Duk mai niyyar jawo faiba ya sa kuɗin wannan a lissafinsa tun farko, kuma ya duba bayan rautarsa ya ga ƙarfin wutar da aka rubuta kafin ya saya.

Babbar jarrabawar ta zo a watan Agusta, tsakiyar damina. Wata Talata da safe na shiga ɗaki na ga jar fitila tana ƙyaftawa. Aka ce masu haƙa magudanar ruwa a babban titi ne katafilarsu ta tsinke babbar wayar da ke binne. Na tura wa matashin nan da ya yi min rajista saƙo, ya amsa da cewa an sani, ana kai. Washegari mai shagon buga takardu da ke bakin titi ya ce nasa ya dawo. Nawa yana nan ja. Na sake tura saƙo, ya ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin. Kwana huɗu ina magana da shi, kullum yana ba ni haƙuri, ni kuma na koma kan maifai ina sayen data a kan kuɗin watan da na riga na biya. Ranar Asabar na hau adaidaita sahu na tafi ofishin da kaina. Matar da ke teburin ƙorafi ta duba kwamfuta ta ce, "Hajiya, ai babu ƙorafinki a nan. A wajenmu layinku an gyara tun Laraba." Na nuna mata saƙonnin. Ta ce wancan ɗan sashen talla ne, aikinsa kawo sababbin mutane, saƙon da aka tura masa ba ya shiga wajen injiniyoyi. Sai da na zauna a kujera domin ƙafafuna sun yi sanyi. Kwana huɗu ina buga ƙofar da ba kowa a bayanta. Ta buɗe min ƙorafi, ta rubuta min lambarsa a 'yar takarda, ta ce cikin awa 48 za a zo.

Awa 48 suka wuce, Litinin ta wuce, Talata ta zo ba kowa. Mahaifin wata ɗalibata, wanda ya taɓa aiki a harkar sadarwa kafin ya bar ƙasar, shi ya ce min in kira 622. Lamba ce ta Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, kyauta ake kiranta, kuma an tanade ta ne don wanda ya kai ƙorafi wajen kamfaninsa ba a share masa hawaye ba. Na kira da safiyar Laraba. Bayan sunana da sunan kamfanin, abin da aka fara tambayata shi ne lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ni da ranar da aka ba ni ita. Na ɗauko 'yar takardar nan na karanto. Da a ce tun ranar Juma'a na kira, ba ni da abin da zan faɗa sai saƙonnin WhatsApp. Suka rubuta bayanina suka ba ni tasu lambar. Ranar Alhamis da hantsi injiniyoyi biyu suka zo. Ba su yi minti arba'in ba. Ashe lokacin da aka gyara babbar wayar, an mayar da na kowa cikin akwatin nan na jikin falwaya an manta da tawa a zare. Kwana tara ba ni da layi saboda abin da tsani da hannu ɗaya suka gyara.

Na rubuta musu imel na nemi a mayar min da kwanakin da na rasa. Suka ƙara min kwana biyar. Na ce tara ne. Suka ce su daga ranar da aka buɗe ƙorafi suke ƙirgawa, kwana huɗun farko babu shaidarsu a wajensu. Na so in ja maganar, amma na duba na ga a ƙa'idar da na sa wa hannu haka abin yake. Tun daga ranar, ko minti goma layin ya yi a ɗauke, lambar sashen ƙorafi nake kira, kuma ba na ajiye waya sai an karanto min lamba na rubuta.

A ƙarshen Oktoban 2024 aka shiga duhun nan da ya rufe yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Ɗan batir ɗina ba shi da inda zai sha caji, sai da na riƙa aika shi shagon masu cajin waya kowace safiya. A nan na koyi cewa kayan kamfanin ma wuta suke ci. Kwana biyu a cikin makon, rautata tana kunne amma babu intanet na wasu awanni, suka ce injin tasharsu ne ya tsaya. Bayan wannan ne muka daure muka sayi ƙaramin faifan sola da batir wanda zai ɗauki rauta da kwamfuta da fitila ɗaya. Maganar rashin iyaka kuma, a hutun Disamba na gane ma'anarta, lokacin da 'ya'yan yayata suka zo suka wuni suna kallon bidiyo. Kafin wata ya ƙare gudun ya faɗi ƙasa da rabi. Shafi na uku dai: in an wuce wani adadi a wata, ba za a yanke ba amma za a rage gudu har sabon wata. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, nawa kuɗin watan ya tashi shi ma, dole na yi wa iyayen yara bayani na ɗan ƙara kuɗin karatu.

Duk da wannan, ban yi nadama ba, kuma ba zan koma taga ba. A yawancin ranaku layin yana aiki shiru har in manta da shi. Abin da ke damuna shi ne yawancin wahalar da na sha, tambaya biyar a ranar farko za su iya kawar da ita, kuma ba wanda ya faɗa min in yi su. 'Yar'uwa ko ɗan'uwan da ke shirin wannan, kada ka biya ko sisi sai an zo an auna an rubuta maka jimillar kuɗi har da haraji da ƙarin waya. Kafin ma ka je ofis, bi wayar da ido ka ga gidan ko shagon da ta shiga a layinku, ka yi sallama ka tambaye su sau nawa ta tsinke a daminar bara da kwana nawa aka yi kafin a gyara. Amsarsu ta fi duk abin da ke jikin takardar talla, gani ya kori ji. A ofis kuma ka tambayi gudun ɗorawa, ka tambayi adadin da in an wuce ake rage gudu, ka tambayi ko rautar taka ce ko tasu in za ka tashi daga gidan, sannan ka ce a rubuta maka lambar sashen ƙorafi daban da ta wanda ya yi maka rajista. Ka ɗauki hoton kowane shafi da ka sa wa hannu. Sun yi min tayin biyan shekara guda da rangwame, na ƙi, kuma ina ba da shawarar a fara da wata-wata har a ga damina ɗaya ta wuce.

Tsohuwar maifai ɗina ban yar da ita ba. Tana cikin durowar teburin da caji a cike, ina sa mata 'yar data kowane wata, kuma na faɗa wa iyayen yara tun farko cewa in na ɓace a allo su ba ni minti biyu. A jikin bango, saman rautar, na manna takarda mai ɗauke da lambar asusuna, lambar sashen ƙorafi, da 622. Makon jiya ana tsakiyar darasi aka yi iska mai ƙarfi, jar fitilar ta kama. Na jawo durowa na kunna maifai, na koma cikin ajin, na sa babbar 'yata ta kira ofis daga falo. Kafin yaron ya kai ƙarshen Suratul Mulk ta shigo ta ajiye min lambar ƙorafin a gefen littafina. Washegari da azahar suka zo da tsaninsu, reshen darbejiya ne ya faɗo a kan wayar a bakin layi.